Ga goyo ga littafi: marayun yaƙin Sudan da ke riƙe da ƙannensu

Duk wanda ya taɓa zaman rubuta sunayen masu gudun hijira a Gadarif ko Kasala ko Kosti ya san wani irin gida da takardar rajista ba ta tanadar wa gurbi ba. Gida ne na mutum uku, huɗu ko biyar, babban cikinsu bai haura shekara 15 ko 16 ba, ƙaramin kuwa wani lokaci ko yaye shi ba a gama yi ba. Uba ya faɗi a hanya, ko an sauke shi daga mota a wani shinge ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Uwa kwalara ta ɗauke ta, ko haihuwa a inda babu asibiti. Babbar yarinyar tana son komawa makaranta, kuma da zarar an buɗe aji takan zo ta rubuta sunanta. Sati biyu, sati uku, sai a daina ganinta. Ustaz ya ja layi a kan sunan, a ce ba ta da himma.

Himma kam tana da ita, har ta fi ta sauran 'yan ajin. Abu biyu ta rasa: sa'o'in da za ta zauna a aji hankalinta kwance, da takardar da za ta sa zaman nan ya zama shaida a ƙarshe. An tsara makaranta ne a kan cewa akwai wani a gida da zai ɗebo ruwa, ya hura wuta, ya riƙe ƙarami, ya sa hannu a fom. A wannan gida ita ce wanin. Saboda haka duk shirin da ya fara da rabon jaka da littafi, bai tambayi inda za a ajiye ƙannen ba, ya kama aikin ta wutsiya.

Ga Hausawan Sudan, gudun bai fara da yaƙin 15 ga Afrilun 2023 ba. Tun a Yulin 2022 rikicin jihar Nil Azrak ya kori dubban iyalai daga Rusairis da ƙauyukan kewayen Damazin, ya sake tashi a Wad al-Mahi a Oktoban shekarar, aka kashe ɗaruruwan mutane. Da yawa suka sauka a Sinnar, Rabak, Madani da Gadarif. Can yaƙin soja da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF ya riske su: Madani ta faɗi a Disamban 2023, Sinja a ƙarshen Yunin 2024, mutane suka yi ta ƙetara kogin Dindir cikin damina suna nufar Gadarif, sai kuma hare-haren gabashin Jazira a Oktoban 2024. Soja sun karɓe Sinja a Nuwamban 2024, Madani a Janairun 2025, Khartum a Maris, kuma jama'a sun fara komawa. Amma yaron da ya yi gudu biyu ko uku, kowane gudu da abin da ya zubar. A na farko ya bar gida, a na biyu jakar takardu ta salwanta, a na uku babban da ya rage masa ya tafi. Komawa gari na iya dawo masa da bangon gida, sauran biyun ba ta dawo da su.

Makarantun su ma ba su tsira ba. Kafin yaƙi yara kusan miliyan 7 ne ba sa zuwa aji, a Oktoban 2023 UNICEF ta ce adadin ya kai miliyan 19. Azuzuwa suka zama ɗakunan kwanan masu hijira, malamai suka yi watanni babu albashi. Da jihohin arewa da gabas suka fara buɗe makarantu, sai aka kwashe iyalan da ke kwana a ciki zuwa filaye a bayan gari, wato ranar da aka buɗe makarantar ita ce ranar da yaron da ke kwana a cikinta ya yi nisa da ita. Kowace jiha kuma ta kama kalandarta, don haka wanda ya taso daga Sinnar yana iya isa Kasala ya tarar an ci rabin shekara. Ga canjin tsari da aka fara 'yan shekaru kafin yaƙi, daga shekara 8 da 3 zuwa 6 da 3 da 3, wanda ya sa ƙofofin jarrabawa suka zama uku: ta ƙarshen firamare, ta ƙarshen mutawassiɗa, wato makarantar midil, sannan shahada sudaniyya, jarrabawar gama sakandare. Kowace ƙofa takarda take nema.

Bari mu lissafa yinin yarinyar, domin a nan maganar take. Ma'aunin da ƙungiyoyin agaji ke aiki da shi shi ne lita 15 na ruwa ga mutum ɗaya a rana, har da sha da girki da wanka da wanki. Gidan yara huɗu lita 60 ke nan, jarka uku masu lita 20, kowace nauyinta kilo 20. 'Yar shekara 14 ba ta ɗauko biyu a tafiya guda. Sawu uku za ta yi, kowane da layinsa, kuma famfo ko tankar ruwa da safe suka fi zuwa, daidai lokacin da ake kaɗa ƙararrawar makaranta. Mai kuɗi ya saya wajen mai karo, wato amalanken jaki, ya huta, ita kuwa ƙafarta ce kuɗinta.

Cikakken rabon abinci ana auna shi ne a kan kalori 2,100 ga mutum a rana, hatsinsa ya kusa rabin kilo, wato kusan kilo biyu na dawa ga gidan nan kullum. Cikakken rabo dai ya zama baƙo, ana yawan rage shi saboda ƙarancin kuɗi. Ko ya zo cif, dawar tsaba ce, sai an kai ta injin niƙa, mai inji kuma ba ya karɓar kati. Dole ta sayar da wani kaso ta biya niƙa, ta sayi gawayi da albasa da waika, wato garin busasshiyar kuɓewa, da sabulu, kuma a ranar rabo kowa sayarwa yake yi, farashi a ƙasa yake. Haka buhun wata ke ƙarewa wata bai ƙare ba. Ranar rabon kanta yini guda ce a layi, ba a aiken ƙane domin katin fuskarta ya sani.

Idan a gidan akwai ɗan ƙasa da shekara biyar, to akwai safiyar asibiti. Ana auna damtsensa da tef mai launi: ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani. Sai a ba shi ledojin gyaɗar nan ta magani, kowace tana da kalori 500, a ce a dawo da shi awo duk sati ko duk sati biyu. Abin da ke ɓata wannan magani sananne ne. Sauran yaran ma yunwa suke ji, ba za ta iya ba ɗaya ukun suna kallo ba, sai ta raba ledar gida huɗu. Ranar awo nauyi bai motsa ba, ma'aikaciyar lafiya ta yi mata faɗa a gaban manyan mata, kunya ta hana ta dawowa. Faɗa ba ya gyara wannan. Abin da ke gyara shi shi ne a haɗa maganin da ɗan rabon abinci na sauran yaran, a kuma sa mata lokacin awo da bai ci karo da aji ba.

Shi ya sa takiyya, wato wurin dafa abincin sadaka na unguwa, ta taimaki karatu fiye da yadda ake lissafa mata. Tukunyar adas ko ful ko balila da matasan ɗakunan agajin gaggawa ke dafawa a unguwa, kwano ɗaya daga cikinta yana ɗauke wa yarinya niƙa da gawayi da zaman murhu a lokaci guda. Da Amurka ta dakatar da tallafinta a farkon 2025, takiyyoyi masu yawa suka kife tukwane, sa'o'in nan suka koma wuyan yara irinta. Akwai kuma maganar faɗur. A Sudan yaro a makaranta yake karya kumallo da hantsi, da 'yan kuɗin da aka ba shi daga gida. Wanda ba shi da su yakan koma gefe har a koma aji, ko ya fita bai dawo ba. Inda ake ciyarwa a makaranta kuwa, a lura da babbar: ba ta ci. Naɗe burodin take yi a gefen mayafi ta kai gida. Makarantar da ta gane haka takan rubuta ƙannen a lissafin abinci ko da ba 'yan aji ba ne.

Ga yadda abin yake a cikin ajin. Tana benci na ƙarshe kusa da ƙofa, ɗan shekara biyu goye a bayanta, ɗan shekara biyar tsugune a gindin taga yana wasa da murfin kwalba. Hannu ɗaya na rubutu, ɗayan na bubbuga bayan goyon. Da ya tsala kuka sai ta fita kada ustaz ya yi magana, ta dawo an share rabin allo. Darasin tarihi yana jure haka, lissafi ba ya jurewa, wanda ya rasa tsakiyar aiki ya rasa duka, kuma darasin gobe a kan na yau yake hawa. Wasu shugabannin makaranta suna hana shiga da goyo, wasu suna kau da kai. Ko wanne aka yi, yarinyar ce ke asara.

Maganin ba shi da tsada, kuma muna ganin shi ya kamata a fara yi kafin a sayi allo. Rumfar reno ce a cikin harabar makarantar, wadda ke buɗewa da rufewa tare da aji. Rauda ta al'ada makarantar ƙananan yara ce da ke karɓa daga shekara huɗu, wannan kuwa sai ta karɓi ɗan shekara biyu, domin shi ne mai hana karatun. Tana buƙatar inuwa, tabarmi, randar ruwa mai murfi, sabulu, fo, kofin kunu ko madara da hantsi, da mata biyu daga cikin masu hijirar da kansu, waɗanda ke jin harshen yaran. A biya su ko kaɗan ne, domin aikin sa kai na kullum ba ya daɗewa a wurin wadda ita ma abincin gidanta take nema. Sai a yi haƙuri da miƙa yaron. Wanda ya ga rasuwar uwarsa ba ya sakin zanin yayarsa. Kwanakin farko ta zauna tare da shi a rumfar, sannan ta tafi darasi ɗaya ta dawo a lokacin da ta ce masa, a ƙara a hankali, kuma mace ɗaya ce za ta riƙa karɓarsa kullum. Babban kuskure shi ne a ce ta sulale yana wasa. Ranar da ya waiga bai gan ta ba, an koma farko, har da ƙari. Fitsarin kwance da firgita cikin dare da daina magana duk alamun abin da ya gani ne, duka ƙara su yake yi, kuma ya kamata wani babba ya faɗa wa yayar haka, domin ita ma a gajiye take, hannunta na saurin tashi.

Bayan rumfa sai lokaci. Ajin yamma na sa'a uku, bayan an gama ruwa da girki, ya fi mata amfani a kan ajin safe na sa'a shida da za ta halarci rabinsa. Shirin ta'alim badil, wanda ke dunƙule karatun shekaru cikin gajeren lokaci, don irinta aka yi shi, da sharaɗin a gwada ta kafin a ba ta aji: ta karanta sakin layi, ta yi shifta, ta yi tarawa da rabawa. Zaunar da 'yar shekara 15 cikin 'yan shekara takwas saboda kawai ba ta da takardar canjin makaranta korar ta ne ba tare da an furta ba. Haka ma dokar rashin zuwa, ranar rabo da ranar awo bai kamata su shiga lissafin fashi ba. A Gadarif kuma kowa ya san Oktoba da Nuwamba na yankan riɗi ne, wanda ba ya jira domin da ya bushe kwanson ke fashewa ya zube, sannan girbin dawa ya biyo har cikin Janairu. Samari za su tafi ƙwadago gonaki ko an so ko ba a so, a nan suke samun kuɗin rabin shekara. Gara a shirya musu darussan cike giɓi idan sun dawo da a soke sunayensu.

Takarda kuwa ita ce inda Bahaushe ke shan wahala ninki biyu. Komai a Sudan yana rataye da rakam waɗani, wato lambar shaidar ɗan ƙasa: jarrabawa, asusun banki, fasfo. A ofishin sijil madani, mai rajistar 'yan ƙasa, ana cire wa yaro lambar ne ta hanyar ta mahaifinsa, ko da shaidar dangin uba na jini. Maraya mai gudun hijira ba shi da uban, baffanninsa kuma ɗaya na Bur Sudan, ɗaya ya ƙetara Chadi, ɗaya ba a san inda yake ba. A kan wannan sai a ɗora tsohuwar tambayar asali. Garin Mai Wurno da ke bakin kogi tsakanin Sinnar da Sinja ya kafu ne tun farkon ƙarnin da ya wuce, bayan yaƙin Burmi na 1903, hanyar alhazai kuma ta girme shi nesa ba kusa ba, amma har yau ana iya neman jikan jikan waɗannan mutane ya kawo ƙarin hujja a kan abin da ake nema wajen wani. Masu cewa yaran nan su koma Najeriya ko Nijar ba su san abin da suke faɗa ba. 'Yan Sudan ne, a nan aka binne kakanninsu, ba su da ƙofar da za su ƙwanƙwasa a Kano ko Damagaram.

Idan takardar haihuwa ta ɓace, ana yin tasnin, wato likitocin hukuma su ƙiyasta shekarun yaro su ba da shaida. A nan ake tafka kuskuren da ke fitowa bayan shekaru. Wani mai son taimako ya ƙara mata shekaru zuwa 18 don ta samu kati da sunanta, wani a makaranta ya rage don ta shiga aji, ranar rajistar jarrabawa takardun biyu su ƙaryata juna. Suna ma haka. A Sudan suna huɗu ake rubutawa, na yaro da uba da kaka da kakan uba. Mahaifin da gida ke kira Garba ko Habu, a takardarsa Abubakar ne, wani magatakarda kuma ya rubuta Abbakar. Harafi ɗaya ya isa ya tsayar da fayil. Abin yi tun ranar farko, tun ana iya samun wani dattijo da ya san gidan, ko shehun hilla (hilla ita ce ƙauye ko unguwa) ko sarkin Hausawa ko limami: a rubuta cikakken sunan uba da na uwa yadda suke a takardun hukuma, garin haihuwar kowane yaro da shekararsa, sunan makarantar da ya bari da ajin da ya tsaya, da lambar zama ta duk jarrabawar da ya taɓa yi. A ɗauki hoton takardar a waya biyu daban. A koya wa ƙananan su haddace sunan nan huɗu da sunan hillarsu, domin da shi ake gano dangi idan an rabu. Malaman makarantun da suka watse suna da zaurukansu na WhatsApp, kuma ta nan ake yawan samo tsohon shugaban makaranta ya rubuta ifada, wato takardar shaida, cewa yarinya ta kai aji kaza.

Shaidar mutuwa ita ma ƙofa ce. Kafalar marayu, wato ɗaukar nauyinsu, taimakon Diwanin Zakka, fanshon uba idan ma'aikaci ne, i'ilam shar'i na kotu da ke bayyana magada da mai kula da dukiyarsu, duk ita suke nema. Mutane da yawa kuwa a tsakar gida ko bakin hanya aka binne su, babu likita babu 'yan sanda. Idan akwai mutum biyu da suka halarci jana'izar, a kai su su ba da shaida tun ba su watse ba, kada a ce sai hankali ya kwanta. Wanda ya ɓace lamarinsa ya fi wuya. A kai sunansa ofishin Hilal Ahmar, wato ƙungiyar agaji ta Red Crescent, masu aikin neman dangi tare da ICRC, Red Cross ta ƙasa da ƙasa, amma kotu ba ta yanke hukuncin mutuwar ɓatacce sai bayan dogon jira, kuma a tsawon jiran nan yaran ba marayu ba ne a takarda, ba kuma masu iyaye ba ne a gida. Kwamitin zakka na unguwa da masu kafala suna da ikon karɓar shaidar dattawa a irin wannan hali, kuma ya kamata su karɓa.

Sai kuɗi. Hada-hada ta koma Bankak, manhajar tura kuɗi ta banki a waya, an kuma canza takardun fam 500 da 1,000 a Disamban 2024 ta hanyar zuba su a asusu. Yarinyar da ba ta da lamba ba ta da asusu, don haka abin da ɗan'uwa ya turo daga Jidda ko Riyad ta wayar wani yake biyowa, mai canzawa zuwa tsaba ya cire nasa kaso. Katin agaji ma sau da yawa ana haɗa yaran a na wani babba saboda ba a son rubuta ƙaramin yaro a matsayin mai gida. Sai baffa ya ce, "'Yata, kawo katin in riƙe miki kada ya ɓace." Ba ta da amsar da ta wuce, "To, Baffa." Akwai baffannin da ke riƙewa da amana har su ƙara da nasu. Akwai kuma wanda yunwar 'ya'yansa bakwai za ta rinjaye shi. Kati daban da sunan yaran, da babban da aka rubuta a matsayin mai kula, da ma'aikacin jin daɗin jama'a da ke zuwa ya leƙa tukunya, wannan yana kare yaran, yana kuma kare baffan daga zargi.

Hausawa na cewa babban wa magajin uba, amma ba a taɓa nufin ya gaji nauyin yana shekara 15 shi kaɗai ba. Abin da dangi suka saba yi shi ne rabawa, kowa ya ɗauki ɗaya gwargwadon ƙarfinsa. Dokar iyali ta 1991 ma tana iya kaiwa ga haka, tunda renon ƙanana yana hannun mata, ana fara duba ɓangaren uwa, har namiji ya kai shekara 7 mace ta kai 9, walicci kuma na dangin uba ne. Ƙarshenta ƙarami ya tafi wajen kaka a Rabak, namiji wajen baffa a Kasala, 'yar shekara 13 kuma ta faɗa gidan da za ta zama mai wanke-wanke. Yaran sun san wannan, shi ya sa wasunsu ke ɓoye maraicinsu, su ce inna ta je kasuwa. A ganinmu tsarin da ya fi riƙe karatu shi ne a bar su tare a rumfarsu, a jikin ta wata babbar mace guda, goggo ko inna ko maƙwabciyar da suka fito hilla ɗaya, wadda aka ambaci sunanta a gaban jama'a aka kuma tallafa mata duk wata. Kafin a zaɓe ta a tambayi yaran su kaɗai, ba a gaban manya ba. Sun san wanda ke ba su abinci da wanda suke tsoro.

Idan ba a yi haka ba, akwai ƙofofin da ke buɗe kullum. Ga mace aure ne, da sunan sutura. Dokar yara ta 2010 ta ce duk wanda bai kai 18 ba yaro ne, amma dokar 1991 ta bar damar aurar da 'yar shekara 10 da izinin alƙali. Mai nema yakan yi alkawarin riƙe ƙannen da barin ta ta ci gaba da karatu. Alkawarin baka ne, ciki na fari ke shafe shi, ƙannen kuma su zama baƙi a gidan da ba nasu ba. Ga namiji bindiga ce, domin inda ake ɗaukar mayaƙa akwai abinci da 'yan kuɗi, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta tabbatar da shigar da yara cikin wannan yaƙi. Ko ramukan zinariya na arewa, inda ake wanke ƙasa da zaiba da hannu tsirara. Aiki shi kansa ba abokin gaba ba ne, gidan ba zai ci ba sai da shi. Lokacinsa da wurinsa ake dubawa. Yaron da ke taya mai agashe da yamma safiyarsa tasa ce. Yarinyar da ke sayar da godo-godo ko tasali a ƙofar gida da rana ba ɗaya take da wadda ke zaman shayi a tasha har tsakar dare ba. Halwa kuma, wato makarantar allo, a bambance iri biyu. Ta unguwa, wadda yaro ke zuwa da asuba ko bayan magariba ya kwana a gida, tana koya masa karatu da rubutu, tana kuma sauƙaƙa wa yayar. Ta kwana a gari mai nisa tana ba da abinci da makwanci, amma tana raba 'yan'uwa, ba ta kai yaro ga jarrabawar gwamnati, kuma binciken da BBC ta fitar a 2020 ya nuna duka da ɗauri da mari a wasu daga cikinsu. Kada a tura maraya inda babu mai zuwa duba shi.

Waɗanda suka ƙetara iyaka ƙarin matsalarsu manhaja ce da harshe. A sansanonin gabashin Chadi tun 2014 manhajar Chadi ake bi. A Sudan ta Kudu da Yuganda da Turanci ake koyarwa, ga yaron da Hausa ce harshen gidansa, Larabci na makarantarsa. A Masar harshe ɗaya ne, amma sai da iƙama, kuma an rufe makarantun al'ummar Sudan masu yawa a 2024.

Ga wanda ya kai bakin shahada sudaniyya, akwai hanyar da mutane ba su cika faɗa wa marayu ba. Ba dole sai ɗalibin kullum ke zama jarrabawar ba. Ana rajista a matsayin ɗalibin manazil, mai karatu daga gida, ko ta azuzuwan ƙungiyar malamai, wato ittihadul mu'allimin. Darussa bakwai ake lissafawa, huɗu na dole, wato Larabci, Turanci, addini da lissafi, sai uku na fanni. Mai riƙe da gida ya auna da kyau kafin ya zaɓi fannin kimiyya, wanda ke buƙatar malami a kusa, alhali na adabi ana iya cin mafi yawansa da littafi da fitila mai caji da rana. 'Yan ajin 2023 sai 28 ga Disamban 2024 suka zauna, na 2024 kuma a ƙarshen Yunin 2025, a yankunan da ke hannun soja da wasu cibiyoyi a ƙasashen waje, ɗaliban Darfur masu yawa ba su samu isa ba. Tunda ranakun ba su da tabbas, a haɗa lamba da hotuna da kuɗin rajista tun kafin sanarwa. A yi rajista a garin da ake zaune, domin saurayi marar takarda yana iya kwana a shinge saboda binciken da mutane ke kira dokar baƙin fuska, Hausawa da mutanen kanabi, wato matsugunan masu ƙwadagon gona, kuma sun sha ta. Jarrabawar kan ɗauki kusan sati biyu, don haka tun da wata guda a tsayar da wadda za ta karɓi ruwa da girki da goyo na waɗannan kwanaki, a kuma gwada tsarin kafin ranar. Wanda shekaru suka yi masa nisa da sakandare, cibiyoyin tadrib mihani suna ba da shaidar sana'a a walda, lantarki, kanikanci da ɗinki, kuma ita ma takarda ce da hukuma ta sani.

Akwai rana ɗaya da tsare-tsaren agaji ba su cika shirya mata ba, ranar da babbar ta cika 18. Daga ranar ta fita daga lissafin yara: fayil ɗinta na kariya ya rufe, kafala ta tsaya, wani lokaci har gurbinta a ajin ta'alim badil. A gida kuwa babu abin da ya canza, ƙaramin yana shekara biyar, tana da sauran shekara goma ko fiye na riƙo, kuma saboda shekarun da yaƙi ya ci tana aji biyu na sakandare ne kawai. Masu kafala sun fi son ɗaukar ƙananan yara, ita ba mai ɗaukarta. Fayil ɗin irin wannan gida ya kamata a buɗe shi da sunan gidan gaba ɗaya, tallafin ya ci gaba har babbar ta karɓi shaidarta ko ta kama sana'a, sannan a duba na biye da ita, wanda galibi shi aka fara cirewa daga makaranta don ya riƙe ƙanana ranar da take aji.